Daga Bagadaza Zuwa Aljihun Ɗalibi: Tarihin Kalkuleta Mai Zana Giraf

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Bari in fara da tambaya. Wa ya tuna ranar da malamin lissafi ya ce gobe kowa ya zo da takardar giraf, da fensir mai tsini, da tsinken tsintsiya? Duk wanda ya yi sakandare a wajenmu ya san wannan rana. Malam zai rubuta ikweshan a allo, ya ce a ja tebur. Ka sa x ya zama 1, ka nemo y. Ka sa ya zama 2, ka sake nemowa. Haka za ka yi ta yi har layi takwas ko tara. Daga nan ka zaɓi sikeli, santimita biyu a madadin kaza, ka ɗiga ɗigogi. Sai babban aikin: ka lanƙwasa tsinken tsintsiyar nan ya bi ta kan ɗigogin, abokin zamanka ya riƙe maka, kai kuma ka bi da fensir. Idan ka kuskure lamba ɗaya tak a tebur, zanen zai fito da ƙusumbi, sai goge-goge har takarda ta huje. Rabin awa ta tafi a kan zane ɗaya.

To a daidai lokacin da muke wannan fama, akwai yara a Amurka da wasu ƙasashe da ke ciro wata na'ura daga jaka, tsawonta bai wuce tafin hannu da ɗan ɗori ba, su danna ikweshan ɗin, su danna maɓalli ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu zane ya fito. Ita ce kalkuleta mai zana giraf, kuma tarihinta za mu bi yau. Abin da nake so mu gano shi ne: wane aiki ta ɗauke wa ɗalibi, wane aiki kuma ta bar masa har gobe.

Kafin mu tafi, ku riƙe min ikweshan ɗaya a ka: x² + 10x = 39. Da shi za mu fara, kuma za mu dawo kansa a ƙarshe.

Wannan ikweshan ya haura shekara dubu da ɗari biyu a duniya. Yana cikin littafin Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, zamanin Halifa al-Ma'amun. Daga kalmar al-jabr da ke sunan littafin aka samo aljabara, daga sunan mutumin kansa kuma aka samo algoridim, kalmar nan da kuke ji kullum idan ana maganar yadda Facebook ko TikTok ke zaɓo muku abin kallo. A lokacinsa babu x babu y, babu alamar daidai. Da zance zalla ake rubuta lissafi, kamar ana ba da labari. To ya ya tabbatar wa mai karatu cewa amsarsa daidai ce? Zane ya yi.

Ku ɗauka fuloti ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, amma ba mu san nawa ba ne. Wannan shi ne x². Sai a raba goman nan gida biyu, a manna wa fulotin fili mai faɗin 5 ta gabas, a manna masa wani mai faɗin 5 ta kudu. Duka ukun idan aka haɗa, 39 ne. Amma akwai giɓi a kusurwa, ɗan fili mai 5 sau 5, wato 25. Idan aka cike shi, babban fulotin ya zama 39 da 25, wato 64. Fulotin da girmansa 64 ne, kowane gefensa 8 ne. Cire biyar ɗin da aka manna, saura 3. Amsa ta fito: x = 3. Ku gwada: uku sau uku tara, da talatin, 39.

Sai dai akwai amsa ta biyu da bai kawo ba, ita ce −13. Ku gwada ta ita ma: 169 a cire 130, saura 39. Al-Khwarizmi bai lissafa da ita ba, domin a zanen fili babu gefen da tsawonsa ke ƙasa da sifili. Zanen da ya taimaka masa ya ga amsa ɗaya, shi ne kuma ya rufe masa ɗayar. Ku ajiye wannan a gefe.

Bayan kusan shekara 250, sai ga Umar Khayyam, mutumin Nishapur a ƙasar Farisa. Yawancin mutane da waƙa suka san shi, amma gogaggen masanin lissafi ne. Wajajen 1070, yana Samarkand, ya tunkari ikweshan masu x³, waɗanda dabarar fuloti ba ta iya warware su. Sai ya koma ga wasu lanƙwasassun layuka da Girkawa irin su Apollonius suka nazarta tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Layukan nan ana samun su ne idan aka yanka abu mai siffar mazurari: ka yanka a kwance ka samu da'ira, ka ɗan karkata ka samu siffar ƙwai, ka ƙara karkatawa ka samu abin da ake kira farabola, wato irin hanyar da dutse ke bi idan ka jefa shi. Khayyam ya nuna cewa idan ka zana biyu daga cikin layukan nan yadda ya kamata, wurin da suka gicciye juna shi ke ba da amsa. Ya bi ire-iren ikweshan 14 ɗaya bayan ɗaya da wannan hanya. Yau a kalkuleta akwai umarni guda da ke nemo maka mahaɗar layuka biyu. Tunanin da ke bayansa ya kai shekara 950.

Daga nan labarin ya tsallaka Faransa. A tsakiyar ƙarni na 14, wani malamin coci mai suna Nicole Oresme ya ja layi a kwance ya ce wannan lokaci ne, sannan a kan kowane wuri ya tsayar da layi mai nuna saurin abin da ke tafiya a wannan lokacin. Wato ya zana abin da ido ba ya gani, sauri, ya mai da shi siffa. Wannan kakan duk wani giraf ne da kuke gani na farashin dala ko na yawan ruwan sama.

Amma wanda ya ɗaura auren aljabara da zane shi ne René Descartes, a wani ɗan littafi kan ilmin siffofi da ya fito a 1637, a matsayin rataye ga babban littafinsa na falsafa. Wani lauya ɗan ƙasarsu, Pierre de Fermat, shi ma ya gano abin a daidai wannan lokaci ba tare da sun haɗa kai ba. Akwai labarin da ake yawan bayarwa wai Descartes yana kwance ne ya ga ƙuda na yawo a rufin ɗaki, sai tunanin ya zo masa. Tatsuniya ce mai daɗi, ku ɗauke ta a haka. Amma ainihin tunanin mai sauƙi ne. Kowane wuri a kan takarda yana da adireshi na lamba biyu, kamar yadda za ka yi wa baƙo kwatance ka ce layi na uku, gida na biyar. Shi kuma ikweshan doka ce. Ka tara duk wuraren da adireshinsu ya bi wannan doka, za ka ga sun jeru sun yi layi, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Wannan layin shi ne giraf. Descartes ne kuma ya kafa al'adar amfani da x, y, z a madadin abin da ba a sani ba, da a, b, c a madadin abin da aka sani. Don haka duk wanda x ta taɓa hana shi barci, ga wanda zai kai ƙara.

Shi ma Descartes bai cika sakin jiki da lambobin ƙasa da sifili ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka buɗe takardar ta kowane ɓangare, hagu da dama, sama da ƙasa. Zuwa 1704, Isaac Newton ya wallafa jerin siffofi 72 na lanƙwasassun layuka masu daraja ta uku, da zanensu ta duk ɓangarori huɗu. A nan ne amsa irin −13 ta samu wurin zama a takarda: tana can hagu da sifili.

To tunani ya kammala, saura wahala. Kowane ɗigo guda a giraf sai an yi masa lissafi da hannu. Shi ya sa tarihin shekara ɗari uku da suka biyo baya, tarihin neman sauƙin lissafi ne. A 1614 John Napier na Sikotilan ya fitar da logaridim, dabarar da ke mai da ninkawa ta koma tarawa. Littafin fo-figa da yayyenmu da iyayenmu suka sha fama da shi, jikan wannan aiki ne. Ba a daɗe ba, a shekarun 1620, William Oughtred a Ingila ya ƙirƙiro rular lissafi mai zamewa, wadda injiniyoyi suka riƙe har sama da shekara ɗari uku. Hatta 'yan sama jannatin Apollo da suka je duniyar wata sun tafi da ita. Ita kuwa takardar giraf mai ƙananan gidaje, sai farkon ƙarni na 20 ta zauna da gindinta a makarantu, bayan malamai irin su John Perry a Ingila da E. H. Moore a Chicago sun dage cewa yara su riƙa ganin lissafi da idonsu. Ta hanyar tsarin karatun Ingila ta iso ajujuwanmu.

Yanzu mu shigo zamanin lantarki. A 1967 injiniyoyin kamfanin Texas Instruments a Amurka, cikinsu har da Jack Kilby wanda daga baya ya samu kyautar Nobel, suka haɗa samfurin kalkuleta ta hannu. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa kawai take yi. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da HP-35, kalkuletar kimiyya ta farko da ke shiga aljihun riga. Maɓallai 35 gare ta, daga nan ta samo suna, kuma dala 395 ake sayar da ita, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Ita ke ba ka sin da cos da log nan take. Kafin shekarun 1970 su ƙare, rular lissafi ta zama kayan tarihi. A Japan kuma kamfanoni suka shiga gasar karya farashi, har kalkuleta ta zama abin da ɗan makaranta zai iya mallaka.

Duk da haka, waɗannan na'urori lamba kawai suke nunawa, layi ɗaya. Zane yana hannunka. Sai a 1985 kamfanin Casio na Japan ya fito da fx-7000G, kalkuleta ta farko a kasuwa da ke zana giraf. Idan kuka gan ta yau dariya za ku yi. Fuskarta baƙi da fari ce, ɗigogi 96 a kwance, 64 a tsaye, jimilla 6,144. Wurin ajiye umarnin da mutum ya rubuta mata bayit 422 ne kacal, wato bai kai ya ɗauki wannan sakin layin da kuke karantawa ba. Hoto ɗaya a wayarku ya ninka wannan sau dubbai. Amma a karon farko, ɗalibi na zaune a kan benci zai rubuta ikweshan ya ga siffarsa ba tare da ya je ɗakin kwamfuta ba. Sharp suka biyo baya, Hewlett-Packard suka fito da HP-28C a 1987, sannan Texas Instruments suka shigo da TI-81 a 1990.

Bari in tsaya in faɗa muku yadda take aiki, domin nan ne mutane ke zaton akwai siddabaru. Babu. Abin da muke yi da tebur da tsintsiya shi take yi, sauri kawai ta fi mu. Da farko akwai abin da ake kira taga, wato iyakar yankin da za ta nuna: x daga ina zuwa ina, y daga ina zuwa ina. A irin su TI-83, tagar da aka saba farawa da ita daga −10 ce zuwa 10 ta kowane ɓangare. Sai na'urar ta fara daga hagu. Ta ɗauki x na jerin ɗigogin farko, ta lissafa y, ta kunna ɗigon da ya fi kusa. Ta matsa dama kaɗan, ta sake. Haka har kusan sau 95, tana haɗa kowane ɗigo da na kusa da shi da ɗan gajeren layi. Shi ke nan. Kai ɗigo tara ka yi cikin rabin awa, ita 95 ta yi cikin daƙiƙu. Amma ba ta san mene ne farabola ba, ba ta san abin da ke faruwa tsakanin ɗigo da ɗigo ba, kuma ba ta san abin da ke wajen taga ba.

To tunda Casio ne suka fara, me ya sa idan aka ce kalkuleta mai giraf a Amurka, sunan Texas Instruments ke fara zuwa baki? A nan labarin ya tashi daga kimiyya ya koma siyasar makaranta da kasuwa.

Wasu malaman lissafi biyu a Jami'ar Jihar Ohio, Bert Waits da Franklin Demana, sun daɗe suna gwada koyar da lissafi da zane a kwamfuta. Da na'urar hannu ta fito, sai suka rungume ta. A ƙarshen shekarun 1980 suka kafa shirin horar da malamai, wanda aka fi sani da T3, inda malami ke koya wa malami ɗan uwansa yadda ake shigar da na'urar cikin darasi, kuma Texas Instruments suka tsaya wa shirin. A 1989 babbar ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin koyarwa da suka goyi bayan a bar ɗalibai su riƙa amfani da kalkuleta. Sai kuma hukumar College Board, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta buɗe ƙofa: daga 1994 aka yarda a shiga jarrabawar SAT da kalkuleta, daga 1995 kuma jarrabawar AP ta kalkulas ta wajabta mai zana giraf a wani sashe nata.

Kun ga yadda igiyar ta ɗaure? An horar da malami a kan na'ura ɗaya. Masu buga littattafai suka fara sa hoton maɓallanta a cikin darasi, danna wannan, sannan wancan. Hukumar jarrabawa ta sa ta a jerin abin da aka halatta. Iyaye kuma dole su saya abin da malam ya rubuta a takardar kayan makaranta. TI-83 ta fito a 1996, TI-84 Plus a 2004, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinsu daga dangin Z80 take, wadda aka ƙera tun 1976, irin wadda ke cikin injin wasan Pac-Man. Waya ta canza, kwamfuta ta canza, farashin komai na lantarki ya faɗi, amma ita tana nan a wajen dala ɗari ko fiye. A 2014 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa kashi 93 cikin ɗari na irin waɗannan kalkuletoci da aka sayar a Amurka cikin shekara guda na Texas Instruments ne. Abin da ya riƙe ta a kasuwa har da rauninta: ba ta shiga intanet, ba ta aika saƙo, don haka masu sa ido a jarrabawa sun fi natsuwa da ita. Waya ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma wa zai bar ka ka shiga ɗakin jarrabawa da waya?

Ga iyali mai hali, dala ɗari ba komai ba ce. Ga mai ƙaramin ƙarfi da yara biyu ko uku a sakandare, nauyi ne na gaske, har makarantu da yawa suka koma sayen na aji suna ba da aro. Yaron da ke da tasa yana atisaye a gida, wanda ba shi da ita sai a aji yake taɓa ta, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna.

Wani abin da kamfanin bai tsara ba: tunda na'urar na karɓar umarni, yara suka fara rubuta wasanni a cikinta, su tura wa juna ta 'yar igiya, malam na gaba yana bayani su suna baya suna wasan maciji. Masu rubuta manhaja da yawa a yau za su gaya maka a bayan aji, a kan kalkuleta, suka fara koyon sana'arsu.

Su kansu malamai ba su taɓa zama baki ɗaya a kanta ba. Masu goyon baya suka ce gani ya kori ji. Ka rubuta y = x², ka ga kwano. Ka mai da shi 2x², ka ga kwanon ya tsuke. Ka sa alamar ɗebewa a gaba, ka ga ya kife. Ka ƙara 3 a ƙarshe, ka ga ya ɗaga sama. Cikin minti biyar yaro ya ga zane goma, ya fara gane aikin kowace lamba da kansa, abin da da tsintsiya sai ya ci mako. Masu adawa kuma suka ce za a yaye yaran da suka iya danna maɓalli amma ba su san me suke nema ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma shaida ita ce ko jarrabawar AP ɗin da ta wajabta na'urar ta bar wani sashe da ba a yarda a taɓa ta ba sam.

Ga dalilin da ya sa maganar masu adawa ba ta faɗi ƙasa ba: na'urar tana iya ruɗin mutum, ba da gangan ba. Ga misalai, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ta ya ci karo da su.

Ka rubuta y = x² + 20 a tagar da aka saba, ka danna. Fuska fayau, babu komai. Yaro zai ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, zanen ne ya fara daga 20, taga kuma ta tsaya a 10.

Ka zana da'ira a wannan taga, sai ta fito kamar ƙwai, saboda fuskar ta fi faɗi a kwance, alhali lambobi ashirin aka raba wa kowane ɓangare.

Ka rubuta y = 1/(x − 2). A x = 2 babu amsa, domin ba a raba abu da sifili. Amma tsofaffin na'urorin nan za su samu ɗigo can ƙasa ta hagun 2, su samu wani can sama ta damansa, su ja layi su haɗa su, tunda aikinsu ke nan. Ɗalibi ya kwafe layin a takardar amsa, alhali layin ƙarya ne.

Ka nemi zanen sin x na'urar tana kan ma'aunin digiri, taga kuma −10 zuwa 10. Maimakon igiyar ruwa mai hawa da sauka, sai ka ga layi kusan a kwance, saboda digiri goma bai kai ko'ina ba a cikin 360.

Yanzu mu dawo kan ikweshan ɗinmu na Bagadaza. Ka mai da shi y = x² + 10x − 39, ka zana a tagar −10 zuwa 10. Me za ka gani? Wani layi mai tsayuwa, kusan miƙaƙƙe, ya tsallaka layin kwance a kan 3. Shi ke nan abin da ke fuska. Babu kwano, domin gindin kwanon yana can ƙasa a −64. Babu amsa ta biyu, domin −13 tana wajen taga ta hagu. Wato na'urar 1990 ta ɓoye wa ɗalibi ainihin amsar da zanen fuloti ya ɓoye a shekarar 820. Wanda zai gano ta shi ne yaron da ya riga ya san cewa duk ikweshan mai x² kwano yake bayarwa, cewa kwano hannu biyu gare shi, don haka idan ya ga hannu ɗaya dole ɗayan na wani wuri. Shi ne zai buɗe taga ya neme shi. Wanda bai san haka ba zai rubuta 3 ya tashi, ya rasa rabin maki, kuma zai rantse cewa da idonsa ya gani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan shi ne abin da na ce mu gano tun farko. Na'urar ta ɗauke tebur, ta ɗauke ɗiga ɗigogi, ta ɗauke tsintsiya. Abin da ta bari shi ne sanin siffar da ya kamata ka gani kafin ka danna, da sanin inda za ka duba, da gane lokacin da zane ya yi maka ƙarya.

Babi na ƙarshe a tarihin shi ne wanda ya fi shafar mu. A 2001 wani ɗalibi a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara manhajar GeoGebra a matsayin aikin digirinsa na biyu. A 2011 Eli Luberoff a Amurka ya ƙaddamar da Desmos. Dukansu kyauta ne, suna aiki a waya da kwamfuta, da launi, kuma da yatsa biyu kake buɗe taga ko ka tsuke ta. Da jarrabawar SAT ta koma ta kwamfuta, a 2023 a ƙasashen waje da 2024 a Amurka, sai aka saka Desmos a cikin manhajar jarrabawar kanta. Hukumar da ta buɗe wa na'urar dala ɗari ƙofa, ita ce kuma ta shigo da ta kyauta.

Mu a nan, zamanin na'urar dala ɗari kusan tsallake mu ya yi. Ƙa'idar WAEC ita ce kalkuletar da ba a iya rubuta mata umarni, don haka a ɗakin jarrabawa takardar giraf da fensir na nan daram, kuma dole hannu ya saba. Amma a gida, wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta fi fx-7000G da TI-84 ƙarfi idan aka haɗa su. Abin da ya gagari iyaye a Amurka saye shekaru ashirin da suka wuce, yau yana hannun ɗan sakandare a Gusau ko Maraɗi, in dai akwai caji.

Shawarata ga ƙannenmu masu shirin jarrabawa: kada ku fara da waya. Ku kalli ikweshan, ku yi hasashe tukuna. Kwano ne ko miƙaƙƙen layi? Sama yake kallo ko ƙasa? A ina zai yanki layin tsaye? Sannan ku zana da hannu. Bayan nan ku buɗe Desmos ko GeoGebra ku gwada. Inda zanenku ya saɓa da nata, nan darasin yake, ku tsaya ku gano waye ya yi kuskure, ku ko taga. Malamai kuma, ko waya ɗaya ce a aji, minti biyar na canza lamba yara na kallon kwano na motsi zai rage muku bayanin awa guda.

Ga aikin gida. Ku rubuta y = x² + 10x − 39 a wayarku, ku nemo wurare biyun da ya yanki layin kwance, ku nemo gindin kwanon. Sannan ku canza 39 ta koma 24, amma kafin ku danna, ku yi amfani da dabarar fulotin al-Khwarizmi ku faɗi amsar. Ku ajiye mana abin da kuka samu a ƙasa, mu ga su wa suka tuna da hannun kwano na biyu.

 Wanda ya san ɗalibin da lissafi ke ba wa wuya, ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.